Ina bakin daga, hankalina yana Rigasa

Assalamu alaikum Anti. Ni soja ne, kofur, ina cikin dakarun da ke aiki a arewa maso gabas, yau shekara biyu da 'yan watanni. Iyalina na bar su a Kaduna, a Rigasa, gidan haya layi ɗaya da na Hajiyarmu. Yaranmu biyu, namiji ɗan shekara shida mai sikila, sai ƙanwarsa 'yar shekara uku. Maiɗakina kuma tana da cikin wata bakwai, rabona da su ke nan tun fas ɗin, wato izinin zuwa gida, da na samu na ƙarshe.

Inda muke babu sabis sai an hau wani tudu, shi ma ba kullum ba. Duk ranar da na dace na kira, amsa ɗaya ce: lafiya lau. Sai makon jiya ƙanwata ta yi suɓul da baka, ashe yaron ya kwana biyar a asibiti har da ƙarin jini, ita kuma maiɗakin nawa an ce mata jininta ya hau a wurin awo, ƙafafunta duk sun kumbura. Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa sosai a waya, na ce daga yau kada ta sake zuwa ko'ina ko ta yarda a yi mata wani abu sai ta sanar da ni tukun. Hajiya kuma cewa take a gida za ta haihu kamar na baya, wai asibiti yanka mutum kawai suka iya.

Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Ina kan gadi, zuciyata tana Rigasa. Na nemi fas an ce in jira. Wallahi har tunanin ajiye bindiga in kama hanya nake yi. Wani abokin aikina ya ce in riƙa shan ƙwaya ko na samu sauƙin tunani. Anti, me kike gani?

Wani kofur, daga bakin daga

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya dawo da ku gida lafiya. Sunan garin da ka rubuta da lambar bataliyarku na goge su, ka san dalili, kuma nan gaba kada ka sake rubuta wa kowa su, ko da ni ce.

Kafin in taɓa komai, akwai magana ɗaya a wasiƙarka da nake so ka janye, kuma a hawan tudunka na gaba, ba na bayansa ba. Wannan dokar da ka kafa wa matarka, cewa kada ta je ko'ina sai ta sanar da kai. Na san ɓacin rai ne ya sa ka faɗe ta, da kuma so. Amma ka duba da kyau: mutumin da sai ya hau tudu yake samun sabis ya ce sai an ji daga bakinsa za a fita da mai ciki wadda jininta ya hau. Ka kulle gida ke nan, ka tafi daji da makullin a aljihunka.

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina karɓar haihuwa a garin nan kafin in ajiye aiki, kuma akwai wani dare da har yau bai bar ni ba. Wajen ƙarfe ɗaya aka shigo mana da wata yarinya, ba ta fi shekara ashirin da biyu ba, an riƙo ta mutum uku, tana jijjiga, ta cije harshe jini yana bin gefen bakinta. Mijinta ma soja ne, yana can irin inda kake. Da na tambayi wadda ta rako ta, ta ce tun la'asar take kukan ciwon kai, tana cewa tana ganin taurari a idonta. Aka shafa mata man zafi a goshi, aka ba ta farasitamol, aka zauna jiran wayar maigida ta shiga, don ya ce kada ta fita sai da saninsa. Muka yi mata allura jijjigar ta lafa, likita ya ce sai an ciro ɗan yanzu. Ƙanen mijin yana tsaye a baranda, biro a hannu ɗaya, waya a ɗaya, yana kira ana ce masa ba a samun layin, ya sake kira. Hannunsa yana rawa yake ce mini, "Sista, ta yaya zan sa hannu a yanka matar yayana bai sani ba?" Kafin a shawo kansa an ci lokacin da ba a da shi. Uwar ta tashi. Jaririn bai zo da rai ba. Bayan kwana biyu mijin ya samu sabis, kuma abin da ya fara cewa yana kuka shi ne, me ya sa kuka jira ni?

To kai ba sai an kai can ba. Ka ɗauki wayarka ka yi saƙon murya, da bakinka, a fili yadda kowa zai gane: na ba matata izini ta tafi asibiti kowane lokaci, dare ko rana, ita ko yara, ba sai an same ni ba, duk abin da likita ya ce a yi, ko ƙarin jini ne ko tiyata, na yarda tun yanzu. Ka tura mata, ka tura wa ƙanwarka, ka tura wa wani namiji guda cikin 'yan'uwanka wanda ka san ba ya ruɗewa, ka ce masa shi ne wakilinka. A ƙa'idar asibiti mace baliga da ke cikin hayyacinta ita ke sa hannu wa kanta, ba a buƙatar na kowa. Amma ni da kai mun san matanmu, mun kuma san dangin miji. Muryarka a waya ita za ta kashe gardamar baranda.

Kada kuma wani ya ce maka wannan sakin ragama ne. Ranar Badar, Sayyidina Usman bai fita ba, Manzon Allah (SAW) ne ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma aka ba shi rabonsa da ladansa kamar wanda ya halarta. Jinyar iyali ba ƙaramin abu ba ne a addinin nan. Shi kuma ɗan'uwan naka da za ka wakilta, ka tuna masa hadisin da ya ce wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa, shi ma ya yi yaƙin.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke damun maiɗakinka, don rabin firgicinka rashin sani ne. Kumburin ƙafa shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, yawancin masu ciki suna yi idan wata ya yi nisa. Hawan jinin shi ne abin sa ido. Idan awo ya kai 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce mako 20, ana duba fitsari a ga ko akwai sinadarin furotin a ciki. In akwai, to ciwon nan ne da ke kai mace ga jijjiga idan aka yi sake, wanda wasu ke kira taune-taune, wasu kuma su ce iska ce ta taɓa ta. Ba iska ba ce. Ana riƙe shi da magani da yawan awo, akwai allurar magnesium sulphate da ke tare jijjigar, kuma sau da yawa likita yakan sa a haihu kafin lokaci ya cika sosai, don rabuwa da mahaifa ne ainihin maganinsa. Mata da yawa sun bi ta hannuna da wannan matsalar, suka koma gida da 'ya'yansu a goye. Waɗanda muka rasa, kusan duk jinkiri ne ya ci su.

Abubuwan da ba a kwana da su a gida kuwa su ne ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, kumburin fuska da hannaye farat ɗaya, zubar jini, numfashi sama-sama, ko ta ji motsin ɗan ya ragu. Haka idan awo ya kai 160 bisa 110, ko da tana hira tana dariya. In kuma Allah ya kiyaye ta fara jijjiga, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko ruwa ko rubutu a baki, a nemi abin hawa. Wani abu da na sha gani a gidajenmu: tsohuwa mai hawan jini ta ciro nata maganin ta ba surukarta don tausayi. A'a. Akwai magungunan hawan jini, irin su lisinopril, da ke yi wa ɗan ciki illa. Wanda aka rubuta mata a wurin awo shi kaɗai za ta sha, kuma kada ta daina don ta ji sauƙi.

Ka sa a saya mata na'urar awon jini ta gida, mai batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, ana samunta a manyan shagunan magani. Da ma'aunin zafin jiki saboda yaron. Da ɗan littafi mai shafi arba'in irin na 'yan firamare. Safe da yamma ta zauna ta huta minti biyar, ta auna, ta rubuta.

Ga amfanin littafin a wurinka. Kai soja ne. Da ogan ku zai kira ka a rediyo ya tambayi halin da ake ciki, ka ce masa "lafiya lau", me zai biyo baya? Ai lamba yake so: mutum nawa, harsashi nawa, ruwa ya rage jarka nawa. To lafiya lau gaisuwa ce, ba labari ba ce. Bahaushe yana kan gadon asibiti da ledar ruwa a hannu za ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Ka daina tambayar da ka san amsarta tun kafin ka yi. Ka ce: karanto mini awon jiya da na yau. Yaushe ne awo na gaba, me suka ce game da fitsarin? Yaron ya sha ruwa kofi nawa, ya je makaranta? Ta riƙa ɗaukar hoton shafin tana turawa ta WhatsApp ko ba ka kan layi, ranar da ka hau tudu su sauko maka gaba ɗaya. Zuciya idan ba ta samu labari ba, ƙirƙirar nata take yi, kuma ba ta taɓa ƙirƙiro mai daɗi da tsakar dare.

Sai dai wannan tsarin ba zai yi aiki ba in ba ka fara ba ta haƙuri ba. E, kai za ka ba ta. Ka tsaya ka auna abin da matar nan ta yi: da cikin wata shida ko bakwai, ta kwana biyar a kan tabarma ko kujerar roba a gefen gadon ɗanta, tana kallon jini yana ɗiga a leda, ga 'yar shekara uku, ga zirga-zirgar sayen magani, sannan wayarka ta shigo ta share hawaye ta gyara murya ta ce maka lafiya lau. Ba raini ba ne. Tsoro take kada hankalinka ya rabu biyu a inda rabuwar hankali ke kashe mutum. Ta yi kuskure, amma kuskuren masoyi ne. Kai ma in za ka faɗi gaskiya, sau nawa aka kwana ana ruwan wuta a kanku, da safe ka ce mata kuna nan ƙalau? Kun zama mutum biyu kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa don ya tsare shi, kowa kuma yana kwana da zargin an ɓoye masa. Kuma ka sani, in ta faɗa maka gaskiya ka yi tsawa, ka koya mata ɓoyewa ke nan. Ranar da ta ce maka awo ya hau, amsarka ita ce: to, kin kira mai keken? Ba "me kika ci" ba, ba "ai na gaya miki" ba. Sirrin aikinku ka riƙe shi, wannan dole ne. Amma "kwana biyu ba na barci, ina kewarku" ba sirrin soja ba ne, kuma za ka sha mamakin yadda zai buɗe bakinta.

Mu zo kan Hajiya. Ita ma ba mugunta take yi ba. Ta haife ku a ɗaki lafiya, ta ga surukarta ta haihu biyu a ɗaki lafiya, kuma wataƙila duk wadda ta sani da aka yi wa tiyata sai da abu ya ɓaci aka kai ta, shi ya sa a idonta asibiti da yanka abu ɗaya ne. Kada ka bar matarka ta yi wannan gardamar da ita, ba huruminta ba ne, kuma za ta bar tabo har bayan ka dawo. Kada kuma ka aika ƙanwarka. Kai za ka kira, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka ce Hajiya alfarma nake roƙo, amanar iyalina tana hannunki, likita ya ce wannan cikin ba irin na baya ba ne, in kina so in samu natsuwa a inda nake, ki raka ta asibiti da kanki. Ka ba ta matsayin jagora, kada ka mai da ita wadda aka kayar. Ka kuma sa a tafi da ita awo na gaba ta ji daga bakin malaman asibiti. Na ga tsofaffi da yawa da suka shigo da fuska a murtuke, suka fita su ne masu tuna wa yarinya lokacin shan magani.

Akwai kuma maganar jego, gara ka yi ta tun yanzu. Hawan jinin ciki ba ya tafiya ranar haihuwa, yana iya tashi har makonni shida bayanta, jijjigar ma tana iya zuwa bayan an sauka. Kunun kanwa gishiri ne zalla a wurin jiki, yana tara ruwa yana ƙara hawan jini. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego a yankinmu, suka danganta shi da yawan kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta. Ban ce a yar da al'ada ba. A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, a dama mata kunu ba kanwa, a gasa mata nama ba a cika gishiri ba.

Yaron kuwa, ka riga ka san ciwonsa fiye da yadda zan gaya maka, shekara shida kuna tare da shi. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Hunturu abokin gabar mai sikila ne, sanyi da bushewar jiki su ke tayar da ciwon, don haka rigar sanyi, safa, wankan ruwan ɗumi bayan rana ta fito, da gorar ruwa a jakar makaranta. Gidan sauro kullum. Maganinsa na yau da kullum kada ya yanke. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni ba na kemis ba ne, na asibiti ne a ranar. Haka idan tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko ƙirji ya riƙe, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya yana ciwo, wanda yara ke jin kunyar faɗa. Tunda har an kai ga ƙarin jini, a tambayi likitansa ko ya dace a sa shi kan maganin hydroxyurea, yana rage yawan tashin ciwon. Jaririn da ke tafe ma a duba jininsa da wuri a ga ko yana da sikila. In ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma samun ɗaya a baya bai rage wa na gaba komai ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai keke ko mai mota guda biyu a layinku, waɗanda za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare, a ajiye lambarsu a bango, ka riƙa yi musu ɗan ihsani tun yanzu. Jakar haihuwa a ɗaure. Wasu kuɗi da ba a taɓawa, a hannunta ita, tsaba, don mai POS ba ya buɗewa da tsakar dare. Mutum biyu cikin dangi da suka san rukunin jininsu kuma suka yarda za su bayar. A kuma yanke tun yau inda za a nufa: daga Rigasa, asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada ba shi da nisa, ga Barau Dikko a cikin gari, ga asibitinku na sojoji na 44. Ta tambayi inda take awo wanne suka ga ya dace da irin matsalarta, inda ke da ɗakin tiyata da jini da wurin kula da bakwaini. Inshorar lafiyarku ta sojoji, wadda ke ƙarƙashin DHML, kamfanin da ke kula da ita, ta ƙunshi mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, amma sai in sunayensu suna ciki, don haka a bincika tun kafin ranar buƙata. Hajiya ba ta ciki, ita sai a yi mata rajista da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Kuma ko da yake ba a bariki suke zaune ba, matarka matar soja ce. Ta nemi lambar Magajiya, wato shugabar matan barikin da bataliyarku ta fito, matan nan sun san ƙofofin da ni da kai ba mu sani ba.

Batun ajiye bindiga ka kama hanya, ɗana, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka fi ni sanin abin da dokar soja ta tanada wa wanda ya gudu daga bakin aiki: kotun soja, ɗauri, kora. Albashi ya tsaya, inshorar da yaronka ke shan magani da ita ta tsaya, kuma mutumin da ake nema ba ya iya zaman jinya a asibitin 44. Wannan ma in hanyar ta bar ka ka iso. Sannan ga abokan da za ka bar wa gurbinka a buɗe. Abin da za ka yi shi ne ka sake neman fas ɗin, amma da takarda. Matarka ta roƙi likitanta ya rubuta abin da ke damunta da lokacin da ake sa ran haihuwa, da hatimin asibiti, ta turo hotonsa. Ka bi ta hannun kwamandan da ke kanka da samanja, ka kuma sanar da limamin bataliya, don maganarsa tana shiga inda taka ba ta kai ba. "Hankalina ba a kwance yake ba" kowa a wurin zai iya faɗa. Takardar likita daban ce. Kuma in shawarata za ka bi, kada ka ƙona fas ɗin yanzu. Ka nemi ya faɗo makonnin haihuwa, lokacin da zamanka zai fi amfani.

Ban ce shekara biyu abu ne mai sauƙi ba, ban kuma ce daidai ne ba. Sayyidina Umar yana zagayen dare ya ji wata mata tana baitocin kewar mijinta da ke wurin yaƙi, ya je ya tambayi 'yarsa Nana Hafsa iya tsawon da mace za ta jure, daga nan ya sa wa mayaƙa wa'adi, wata ruwayar ta ce wata huɗu, wata ta ce shida. Masu tsara musayar dakaru su ma su ji wannan.

Ni a bariki na tashi. Mahaifina yana cikin waɗanda suka tafi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma ina tuna innarmu tana ajiye wasiƙarsa a ƙarƙashin kwallar tufafi, takarda ɗaya sai ta yi wata uku ana sake karanta mata ita har ninkin ya yage. Kafin su akwai 'yan Bama, dakarun runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da Turawa suka kwasa a jirgin ruwa don yaƙi a ƙasar Burma lokacin yaƙin duniya na biyu. Sunayen da kake ji a garin nan, barikin Dalet a Kawo, Kalapanzin, da Chindit a Zariya, duk daga can suka samo asali. Ba don in rage maka zafi na kawo su ba. Abin da na lura shi ne su sun san ba su da iko da gida, don haka kafin su tafi sukan damƙa komai a hannun wani su ce na bar maka amana. Ku 'yan zamanin waya kuna da rabin labari, kuma rabin labarin yana sa mutum ya zaci zai iya tafiyar da gidansa daga cikin rami. Ba zai iya ba. Ka damƙa, kamar yadda suka damƙa.

Ƙwaya kuwa, ka ce wa abokin naka Anti ta gode, ba ka so. Tramadol da 'yan'uwanta ba sa kawo barci na gaskiya, suna dusashe hankalin da kake tsare ranka da na abokanka da shi, suna iya sa mutum farfaɗiya, kuma na ga gidajen da maigida ya dawo daga daji lafiya amma ƙwaya ta hana iyalinsa moriyarsa. Rashin barcin ka kai wa likitan bataliyarku, ka faɗa masa kai tsaye cewa hankalinka yana tashi a kan gadi, aikinsa ke nan. In ka dawo gida abin bai sake ka ba, kana firgita, kana faɗa ba dalili, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ba na masu yawo a bola kaɗai ba ne, lafiyayyun mutane masu nauyi a zuciya suna zuwa. Kafin nan, ka sa ɗan littafi a aljihun kakinka. Duk tambayar da ta taso maka da dare game da gida, ka rubuta ta ka rufe, ka ce sai kan tudu. Bayan sallar asuba ka ware musu minti goma cur, ka kira sunansu ɗaya bayan ɗaya, ka yi musu addu'ar da matafiyi ke yi wa waɗanda ya bari: astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu, na ba Allah ajiyarku, wanda ajiyarsa ba ta tozarta. Sauran yinin na aikinka ne.

Na so a ce ina da lambar maiɗakinka, da na leƙa Rigasar da kaina. In ta yarda, ka turo mini ta akwatin da ka aiko wannan, ba zan buga ba. Ka kuma rubuto mini awonta na mako mai zuwa da abin da Hajiya ta ce. In an sauka lafiya, ina jiran gorona na suna.